Akwatin Gaisuwar Malam Barau

Da hantsi ya taɓa gilasan saman Birnin Tudun Rana, sai ƙaramin akwatin da ke jikin bangon ɗakin Tabawa ya kunna koriyar fitilarsa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Salamu alaikum. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam," in ji Tabawa, tana dama koko.

Muryar mijinta ce, Malam Barau, wanda ya rasu a damunar da ta wuce. Shi ya ƙera akwatin. Da zai sa masa murya bai samu wanda zai tsaya ya ɗauka ba, sai ya sa tasa, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya yi magana.

Malam Barau mai gyaran injin ɗaga mutane ne a dogayen benayen birnin. A wannan zamani gidaje sun hau kan juna har gajimare yana wucewa ta ƙarƙashin taga, motoci suna tuƙa kansu, amma tsoho yana iya faɗuwa a ɗakinsa ba wanda ya sani. Shi ya sa Malam Barau ya liƙa akwatunan nan a ɗakunan tsofaffin beninsu. Aikin akwatin ba shi da yawa. Zai yi gaisuwa. In an amsa, sai ya ƙulle labarin a ɗan ƙunshin saƙo ya tura wa akwatin maƙwabci ta cikin waya. In ba a amsa ba, sai akwatin maƙwabcin ya ce, "A leƙa gidan wance."

Sau da yawa ba wani abu ba ne. Ko mutum yana wanka, ko barci ya ɗauke shi. Yaya Delu, maƙwabciyar Tabawa, takan zo da sandarta tana mita, wai an taso ta a banza, daga nan ta zauna ta shanye rabin kokon gidan. Lokacin takaba kuwa kusan kullum sai ta zo, don a kwanakin nan Tabawa ba ta iya amsa muryar.

Ana nan sai hukumar sadarwa ta birni ta yi sabuwar doka: duk na'urar da ke magana a kan wayoyin birni, dole Taru ya iya ganinta. Wadda bai gani ba, za a cire ta.

Suwaiba, autar Tabawa, ma'aikaciyar hukumar ce, ita ta yi wa uwar bayani. Ta ce Taru wata taskar manhaja ce da duniya take amfani da ita. Kamar yadda masunta suke shimfiɗa taru a ruwa, haka shi ma yake tsayawa a hanyar saƙonni yana kama kowane ƙunshi, a buɗe a ga lafiyarsa, a sake shi ya wuce. Kowace na'ura tana da ƙwaya, wato can cikinta inda umarni yake fitowa, kuma a jikin ƙwayar akwai ƙofofi. Taru ya san ƙofofin na'urorin kamfanoni. Ita kuwa ƙofar akwatin Baba, shi ya sassaƙa abarsa da hannunsa, ba wanda ya san ta.

Tabawa ba ta gane duka ba. Abin da ta gane shi ne za a zo da sukudireba a cire Malam daga bango.

"Auta, ba yadda za a yi?"

"Akwai, Inna. Sai in koya wa Taru ƙofar."

Haka Suwaiba ta riƙa zuwa bayan ta tashi aiki, ta shimfiɗa allonta a kan tabarma, ta jona shi da akwatin. Tabawa tana gefe tana tsinke zogale tana sauraro. Da farko Suwaiba ta rubuta yadda Taru zai gano akwatin a cikin jerin na'urori. Wannan bai ba ta wahala ba. Sannan ta rubuta yadda zai buɗe ƙofar, da yadda zai karanta kan kowane ƙunshi ya san tsawonsa da lokacin da ya iso. Ta gwada. Ƙofa ta buɗe, amma ko ƙunshi ɗaya bai faɗo ba.

Ta yi kwanaki tana bin rubutun ubanta layi-layi. Wata la'asar sai Tabawa ta ji ta fashe da dariya, har da hawaye. Ashe Malam Barau ya tsara ƙofar ne yadda ba za ta ba kowa komai ba sai an yi mata sallama, an jira ta amsa. Taru kuwa ya saba ya shiga shiru ya kwashe ya fita.

"Halinsa ne," in ji Tabawa. "Ko ɗan aike ya shigo ba sallama, sai ya mayar da shi bakin ƙofa."

Suwaiba ta ƙara wa Taru sallama wajen buɗewa, da sai an jima wajen rufewa. Nan take saƙonni suka fara zubowa a kan allon, kore bayan kore: gidan Delu lafiya, gidan Baba Cindo lafiya, gidan Tabawa lafiya.

Saura masu kula da Taru, waɗanda ke warwatse a ƙasashe, don ba a ƙara masa komai sai sun duba sun yarda. Wani a cikinsu ya tambaya me ya sa manhaja za ta tsaya gaisuwa, ai ɓata lokaci ne. Suwaiba ta amsa masa cewa haka mai ƙofar ya gina ta, kuma ba ya nan balle ya canza. Suka sa ta gyara wurare kaɗan, suka ba akwatin lambarsa a cikin jerin na'urorin duniya, suka karɓa. Ran nan Tabawa ta yi waina ta raba wa benin duka. Malam ya tsira a bangonsa.

Hukuma ma ta ji daɗin abin. Tunda yanzu tana ganin gaisuwar, sai ta haɗa ta da labarin famfo da na ƙofa da na murhu. In tsohuwa ba ta amsa ba amma famfonta yana zuba, an san wanka take yi, ba sai an tayar da kowa ba. In kuwa da gaske ne, keken asibiti mai tuƙa kansa zai iso kafin maƙwabci ya nemo takalminsa. Shi ya ceci Baba Cindo ranar da numfashinsa ya sarƙe, kowa ya yi hamdala. Aka yi ta ƙera akwatin ana liƙawa a sauran benaye, muryar Malam Barau tana gaida mutanen da bai taɓa gani ba.

Tabawa tana cikin jin daɗinta. Kowace safiya Malam yana gaishe ta, tana amsawa. Sai dai ta lura kokon da take damawa yana kwana a kwano. Ta daɗe tana tunanin ko cikinta ne ya ragu, kafin ta tuna rabon da ta ji ƙarar sandar Delu a bakin ƙofa tun kafin azumi. Akwatin bai ƙara cewa a leƙa gidan kowa ba, don ba ya kuskure yanzu.

Wata safiya ta yi shiru da gangan. Akwatin ya gaishe ta, ya sake gaishe ta. Can sai wata murya daga hukuma, mai ladabi, ta ce an ga murhunta a kunne, ana yi mata fatan alheri. Ba wanda ya zo.

Ta zuba kokon a kwano biyu, ta yafa mayafi, ta fita. Tsakanin ƙofarta da ta Delu ba nisa, amma sai da ta huta a hanya, don gwiwa ta manta da tafiyar.

Ta samu Delu zaune ta fuskanci bango, ta rame kaɗan, sandar tana rataye a ƙusa.

"Wa nake gani kamar Tabawa uwar surutu? Me ya faru? Ai akwatin ya ce kina lafiya."

"Ni ma ya ce min kina lafiya, Yaya. Na zo in gani ne."

Delu ta karɓi kwanon ta kurɓa, ta ce sukari bai ji ba, kamar kullum. Suna cikin sha sai akwatin Delu ya yi gyaran murya, ya ce, "Salamu alaikum. An tashi lafiya?"

Delu ta buɗe baki za ta amsa, Tabawa ta dafa mata hannu.

"Bar shi, Yaya. Da ni kike magana. Malam ba zai ji haushi ba, dama abin da ya ƙera shi don shi ke nan."