Kajin Nna Teni

Shekarar da aka buɗe gada aka daina fito da babban jirgi, garinmu Kpatagi ya yi shiru kamar gidan da aka watse biki. Motoci suka koma bi ta sama, babu mai tsayawa sayen soyayyen kifi a mashigi. A shekarar ce aka dawo da Sufeto Kolo gida, bayan ya daɗe yana aiki a Minna.

Wata safiya ƙara biyu suka same shi a caji ofis. Direban ƙaramin asibitin gari ne ya fara zuwa, ya ce an cire batirin motar ɗaukar marasa lafiya. Kafin wannan an sace na injin ruwa. Yana cikin bayani sai ga wata tsohuwa ta shigo ba sallama, riƙe da matacciyar kaza.

"Kolo! Ko sai na ce ranka ya daɗe?"

Sufeto ya miƙe tsaye. "Wane ni, Nna Teni. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Wusa ce ke kashe mini kaji."

Sajan da ke gefe ya juya baya yana danne dariya. Sufeto bai yi dariya ba. Ya san matan nan biyu tun yana yawo ba riga. Nna Teni da Gogo Wusa kaskonsu na jere a mashigi, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Shi da Saba, ɗan Nna Teni, in sun gaji da iyo a bayan jirgi, wurinsu suke zuwa su tsuguna a ba su kan kifi da yaji.

"Nna, Gogo Wusa fa kika ce?"

"Ita. Kajina sun ci mata shanyar shinkafa, ta ce sai ta yi maganinsu. Ga shi ta yi. Samarin unguwa ma sun ce ba guba ba ce, maita ce. Sun ce in ba ta bar garin ba za su fitar da ita."

Nan Sajan ya daina dariya.

Sufeto ya bi ta gida. Tsakar gidan na nan yadda ya san shi, sai dai babu hayaniyar kaji. Waɗanda suka rage suna rakuɓe a gindin rumbu, fuka-fukai a sake, kashinsu kore shar. Ɗaya ta yunƙura, ta yi tangaɗi, ta faɗi.

"Me kika ba su?"

"Me ban ba su ba? Barkono a ruwa, ɓawon maɗaci, har kafso mai ja da rawaya na fasa musu. Ko gezau."

"Kajin maƙwabta fa?"

"Lafiyarsu lau. Shi ya sa na ce ba annoba ba ce. Annoba in ta zo ai ba ta tsallake gida."

"Ina suke kiwo?"

Ta nuna masa wata kafa a ƙasan katangar baya. "Ta nan suke fita kango su dawo."

Suna tsaye Saba ya shigo da taru a kafaɗa. Ya rame, furfura ta fara fito masa. Shi ne mai kula da injin jirgi har ranar da aka ajiye jirgin.

"A'a, yau gwamnati ce a gidanmu? Kai da ko kurme ba ka iya ba sai na riƙe maka wando!"

"Ƙarya kake. Wa ya ciro ka ranar da igiyar jirgi ta harɗe ka?"

Suka tafa, suka yi dariya har Nna Teni ta ɗan saki fuska.

"Yanzu me kake yi?" in ji Sufeto.

"Gyaran taru da birgi. Abin da ya samu."

"Kana leƙa kangon baya?"

"Ni? Rabona da wurin tun muna harbin ƙadangaru."

Daga nan Sufeto ya zaga gidan Gogo Wusa. An jefi ƙofarta da duwatsu, langa-langar duk ta lotse. Ya same ta zaune ita kaɗai tana tsince shinkafa.

"Gogo, sannu da gida."

"Ɗana, ka zo tafiya da ni ne? Bari in ɗauko mayafi."

"Gaisuwa na zo. Kin ce za ki yi maganin kajin Nna?"

"Na faɗa. Shekara nawa muna faɗa wa juna abin da ya fi wannan? Ta taɓa cewa za ta jefa ni a kasko."

"Naki kajin fa?"

"Na sayar."

"Duka?"

"Duka."

Sai wani ɗan kuka mai rauni ya fito daga madafa. Sufeto ya shiga, ya ɗaga wani babban kwando da aka kife. Kaji ne a ƙasa, fuka-fukai a sake, kashi kore.

"Gogo, naki ma suna mutuwa. Da kin nuna wa mutane wannan, da ba wanda ya jefi ƙofarki. Me ya sa kika ɓoye?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Su ma kango suke fita?"

"Kolo, ka sha ruwa ka tafi."

Washegari Sufeto ya aika aka ɗauko Malam Jiya, likitan dabbobi, daga Bida. Ya iso a kan babur, ya duba masu rai ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe bakinsu, ya taɓa maƙoshi. Sannan ya sa aka shimfiɗa buhu, ya feɗe wadda ta mutu da safen.

"Huhu lafiya. Hanji babu jini. Ba irin ciwon da muka saba gani ba ne," in ji shi. "Bari mu ga ƙundu."

Ya tsaga ƙundun ya zazzage a faranti, ya zuba ruwa. Cikin tsakuwa da dusa akwai wasu ƙananan abubuwa masu launin toka. Ya ɗauki ɗaya ya danna da farce, sai ya lotsa.

"Darma ce. Kaza na ganinta ta ɗauka tsakuwa ce. Ta zauna a ƙundu tana narkewa a hankali."

"Wani zai iya zuba musu da gangan?"

"Mai son kashe kaza ba zai yi wannan wahalar ba. Akwai dai inda ake narka darma kusa da nan."

Nna Teni ta dafa kafaɗarsa. "Malam, za su tashi?"

"Waɗanda ke iya tsayuwa, ina sa rai. A toshe kafar nan yau, a kulle su a akurki, a ba su tsaba mai tsabta. Zan bar miki wani farin gishiri na wanke ciki, ki riƙa jiƙa musu. Masu nauyin ciwo zan yi musu allura in dawo in ƙara. Amma, Nna, kada a ci namansu, kada a ci ƙwansu. Wa ke cin ƙwan gidan nan?"

Tsohuwar ta ce, "Jikata. 'Yar Saba. Kullum nake dafa mata. Kwanan nan tana kukan ciki, na ɗauka tsutsa ce."

"A kai ta asibiti yau, a gaya musu abin da na gani."

Sufeto ya fita ya zaga bayan gidajen. Kangon tsohon ɗakin ajiyar kayan jirgi ne, rufin ya rufta. A cikinsa suke ɓuya da Saba in sun gudu daga makarantar allo. Yanzu a lungu ga murhu na duwatsu, ga tsohuwar tukunyar ƙarfe, ga tarin toka da kaji suka barbaza. Ƙasar wurin ta yi fari-fari, ko ciyawa babu. Ya tona tokar da sanda, sai ga ɓallin baƙar roba mai kauri, irin ta jikin batir. Ya juya shi. Harafin da asibiti ke shafa wa kayanta da jan fenti na nan a jiki.

Ya daɗe a tsugune kafin ya tashi.

A mashigi ya sami Saba, zaune a inuwar jirgin da ke kan yashi yana tsatsa. Birgi ne a cinyarsa, komar nan ta jifa, yana ɗaura masa darma sabuwa fil, tana ƙyalli. Sajan da ya rako Sufeto ya tsaya daga nesa.

"A ina kake samun darma?"

"Kasuwar Bida."

"Wurin wa?"

"Wani mutum. Ban riƙe sunansa ba."

"Miƙo ƙafarka."

Saba ya dube shi, ya miƙa. Wandon duk ƙananan huji ne daga gwiwa zuwa ƙasa.

"Wannan ba tartsatsin wuta ba ne. Ruwan batir ne. Kai ka koya mini haka a cikin jirgin nan, ranar da na ɓata wandon sallata." Ya ajiye ɓallin robar a gabansa. "Ka ce rabonka da kango tun muna yara."

"Kowa na iya shiga kango."

"Haka ne. Darmar da ta zube a tokar ita kajin Nna suke ci. Ƙwansu kuma 'yarka ke ci. Yanzu haka tana asibiti. A kan babur aka tafi da ita, domin motar ba ta tashi."

Birgin ya zame daga cinyar Saba. "Me ya same ta? Kolo, don Allah, me ya same ta?"

"Malam Jiya ya ce an gano da wuri. Amma likitoci za su so sanin tun yaushe."

Saba ya dafe kai. "Tun farkon damina. Na fara da batirin jirgin nan, na ce ai nawa ne, ni na raine shi. Da darmar cikinsa ta ƙare masunta suka ci gaba da tambaya. Sai na injin ruwa. Sai na asibiti. Gogo ta gan ni ta kan katanga. Ta ce Saba, hayaƙin nan naka ne ke kashe kaji. Na ce tsufa ne ke damunta. Na roƙe ta kada ta faɗa wa Nna."

"Kana ji ana jifan ƙofarta."

"Ina ji."

"Ita ta goye ka lokacin da Nna ta yi ciwon nono."

"Na sani, Kolo. Na sani."

Sajan ya matso da ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai. Suka jera su uku suka hau gangaren, Saba a tsakiya.

Labari ya riga su isa unguwa. Samarin da suka yi jifa suna tsaye jikin katanga, ba mai iya ɗaga ido. Nna Teni na ƙofar gida. Saba ya durƙusa a gabanta ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ta wuce shi, ta je ta tsaya a ƙofar Gogo Wusa.

"Wusa! Fito."

Gogo Wusa ta leƙo.

"Kin sani, kika bar ni ina zaginki a gari?"

"In faɗa miki ki mutu? Wa zai riƙa yi mini masifa?"

Nna Teni ta buɗe baki za ta rama, sai kuka ya ƙwace mata. Gogo Wusa ta kamo hannunta.

"Share hawayenki, tsohuwar banza. Ɗauko mayafi mu tafi wurin yarinyar."

Sufeto ya taɓa kafaɗar abokinsa. "Tashi, Saba. Mu je."