Ƙanzon Randar Fito

Rana ta yi ja a bayan garin Nandom, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida, sa'ad da Dery mai gyaran keke ya gama ƙirarsa. Matarsa Yuora ta daɗe tana kukan ciwon baya saboda sunkuyon wanke randunan fito, giyar dawar da take dafawa. Sai ya samo sandar ƙarfe, ya ɗaura mata fedar keke a sama, ya tufke zaren giginya da waya a ƙasa. Ana juyawa, tana kankara.

Suka fara da babbar randar da uwarsa ta bari, wadda ƙanzo ya daskare a gindinta tun kafin a haife shi. Ya yi ta juyawa har jan yumɓu ya bayyana. Sai wani siririn kuka ya fito daga ciki, ya yanke. Ruwan da suka zubar ja ne wur.

"Maigida, ka ji abin da na ji?"

"Ƙarar ƙarfe ce," in ji shi, amma bai dube ta ba.

Tun daga ranar, magariba ba ta sake yi musu daɗi ba. Duwatsu na faɗowa kan rufin kwano, ba a ga mai jifa. Duk fiton da Yuora ta dafa sai ya wayi gari yana warin gawa. Sannan aka sami 'yarsu Ayuo durƙushe, kanta cikin randar, tana rarrashin wani abu da muryar da ba tata ba.

Aka ɗauko tsoho Bayuo mai magani. Ya zauna, ya tada turare, ya fuskanci yarinyar.

"Wace ce ke?"

Bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito. "Ku tambayi mai kankara! Uwarsa ta san da zamana, kullum tana bar mini gindin randa. A cikin ƙanzon nan na kwantar da ɗana. Ya niƙe mini shi. Ɗa da ɗa za a biya."

"Bai sani ba," in ji Bayuo.

"Ya ji kukan, ya ce ƙarfe ne."

Bayuo ya yi tayin baƙar akuya, ta tofar da yawu. Ya yi tayin randar, a kai mata bakin kogi.

"Randa tawa ce dama. Ko yarinyar, ko hannun da ya juya."

Yuora ta fasa ihu. Dery ya dubi 'yarsa, idanunta sun kafe, leɓɓanta sun tsage. Ya matso, ya miƙa hannun dama.

"Ga shi, Kaka. Saki mini ita."

Yatsun Ayuo suka damƙe shi, sanyi kamar ƙanƙara. Ta yi atishawa, ta sulale ƙasa, ta ce, "Baba, ƙishirwa nake ji."

Ya yunƙura zai kai hannu ga ƙwaryar ruwa. Hannun bai tashi ba, kuma bai sake tashi ba har ya bar duniya.