Tutocin 'Yan Igwa

Ranar Asabar da hantsi, wajen ashirin ga watan Muharram, Chaudhri Dilawar ya shigo caji ofis na Kot Dilbag da ƙafarsa. Wannan kaɗai ya isa labari a garinmu. Shekara ashirin ba ya zuwa wurin 'yan sanda, su ake kira su je gidansa, su tsaya a tsakar gida har ya gama shan tabarsa.

Ya ce an yi sata a ofishin jam'iyya. Tutoci dubu huɗu an kwashe tas. Kuma ba sai an wahala ba, ya san ɓarawon: Fazal Din mai gadi.

Insifekta Rab Nawaz ne ya karɓi ƙarar. Mutum ne mai jiki, mai ciwon suga, shayinsa ba zaƙi, maganarsa ma haka. Ya rubuta bayanin, ya miƙa wa Chaudhri ya sa hannu, ya tura Sajan Boota ya zo da mai gadin.

Bari in ɗan faɗi su wane ne, don yaran yanzu ba su sani ba. Jam'iyyar Tsaron Al'umma sunanta a takarda, amma kowa 'yan Igwa yake ce musu, saboda tutarsu, baƙar igwa a kan rawayan ƙyalle. An kafa ta ne a shekarar da Janar na wancan lokaci ya ga ya dace a riƙa cewa farar hula ke mulki. Cikin mako guda duk wani mai gonaki da gashin baki ya wayi gari ɗan Igwa. Suka hana 'yan ƙwadago taro, suka rufe gidan silima, suka ci zaɓe uku a jere. Mijina, Allah ya jiƙansa, sau biyu ya jefa musu ƙuri'a bayan rasuwarsa, shi da bai taɓa zaɓarsu ba da ransa.

Daga baya Janar ya tafi, waɗanda suka gaje shi a bariki suka sami wasu 'ya'yan. Wayar ofishin ta daina ƙara. Tutoci suka riƙa sauka daga rufin gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka tattara su a sito. Yanzu 'yan Alkama ake yayi, masu shuɗiyar tuta da farar zangarniya. Chaudhri Dilawar dai har ranar shi ne shugaban 'yan Igwa na gunduma, a takarda.

Insifekta ya fara da ofishin. Kwaɗon sito lafiyarsa lau, da makulli aka buɗe shi. A ciki babu ko ƙyalle ɗaya, sai sandunan gora da ake soka tutocin, an jingina su a bango, an ɗaure su hamsin hamsin da sabuwar igiya.

"Sahib, ɓarawon nan ya fi matata tsabta," in ji Sajan Boota.

"Ya fi ka ma. Mutum nawa za su zare tuta dubu huɗu daga sanda ba tare da sun yaga ko ɗaya ba?"

"Shida, su yini."

"Yatsu nawa Fazal Din ke da su a hannun dama?"

"Biyu, Sahib. Ukun ya baro su a kan iyaka."

Insifekta ya taɓa ƙullin igiyar. Ya ce wanda ya ɗaure kaya haka yana da niyyar dawowa ya ɗauka.

A caji ofis suka tarar da Fazal Din zaune a sel, bayansa a miƙe kamar ana fareti. Tsohon soja ne, ya haura saba'in. Tun ranar da aka buɗe ofishin yake gadinsa, shi ke share shi, shi ke ɗaga tuta da safe ya sara mata, ko da babu mai gani. Ɗiyarsa Shamim tana bakin ƙofa da gurasa da miyar wake a ƙullin ƙyalle. Ta riga ta tambayi Sajan, ya gaya mata gaskiya: in kotu ta kama tsohon da laifi, shekara uku ce a kurkuku, fanshonsa na soja kuma ya tafi.

"Chacha, ina kake jiya Juma'a?" Insifekta ya tambaya. Haka muke kiran dattijo, wato baffa.

"A bakin aikina, Sahib."

"Yini guda?"

"Soja ba ya barin bakin aiki."

"Makulli nawa ne na sito?"

"Biyu."

"Ɗaya naka. Ɗayan fa?"

Tsohon ya kalli bango.

Insifekta ya ce ya ba shi hularsa ya gani. Tsofaffin sojojin nan duk wata takarda a naɗin hula suke soke ta. Ya zaro tikitin bas, zuwa da dawowa ƙauyen Chak Arba'in da Biyu, ranar Juma'a. Tafiyar awa uku ce kowane ɓangare.

"Aike ni aka yi," in ji Fazal Din a hankali.

"Wa ya aike ka?"

"An ce kada in faɗa."

"Chacha, ɗaure ka za a yi."

"To a ɗaure."

Insifekta bai ƙara matsa masa ba. A duk Kot Dilbag mutum ɗaya ne zai ce wa Fazal Din tashi ya tashi. Amma sani daban, shaida daban, kuma da yamma aka bugo masa waya daga sama aka ce ƙaramar ƙara ce, ya rufe ta kafin Alhamis, akwai babban taron 'yan Alkama da zai ba tsaro.

Ranar Litinin Sajan ya kawo labari cewa tirelar tarakta ta Chaudhri ta kwashe sandunan gora daga ofis, wai za a kafa wa wake a gona. Insifekta ya ce bai san wake na buƙatar sanda dubu huɗu ba.

Talata ya bi ta unguwar marina zai je duba filin taro. Mu mata mun kwana uku muna ƙorafi a kan kwatar unguwar, babu mai jinmu. Shi abin da ya tsayar da shi ɓaunayen madara ne da suka fito daga kududdufi, ƙafafunsu shuɗi har gwiwa. Ya bi ruwan kwatar da ido har ƙofar Ustad Meraj marini.

Meraj ya tare shi da kujera da tayin shayi. Hannayensa shuɗi ne har gwiwar hannu.

"Ustad, kasuwa ta buɗe."

"Ɗan aikin biki ne, Sahib. Rawunan abokan ango."

"Bikin wa?"

"Wasu ne daga ƙetaren kogi."

"A Muharram?"

Ko ɗan da aka yaye jiya ya san ba a ɗaura aure a wannan wata, Sunni ko Shi'a.

Tukwanen sun huce, igiyoyin shanya babu komai, kayan sun riga sun tafi. Insifekta ya juya zai fita. A bakin ƙofa akwai kejin makwarwar Meraj a rataye, an lulluɓe shi da wani shuɗin ƙyalle mai ɗan ƙuna a gefe. Rana tana bayansa. Ta cikin shuɗin, ga igwa nan zaune da ƙafafunta, ba abin da ya same ta.

Ya cire ƙyallen ya riƙe a inuwa, shuɗi ne kawai. Ya ɗaga wa rana, igwa ta dawo.

Daga nan Meraj bai wahalar da kowa ba. Ya ce tirelar Chaudhri ce ta kawo tutocin ranar Juma'a bayan salla, ita ta kwashe su jiya zuwa wurin masu buga zangarniya. Wannan ɗaya ta ƙone a bakin tukunya, shi ya sa ya bar wa tsuntsu.

"Na gaya masa baƙin fenti ba ya ɓuya sai an tsoma sau biyu," in ji shi. "Ya ce babu lokaci. Ni marini ne, Sahib, abin da aka kawo nake rinawa."

A hanya Sajan ya tambaya ko su wuce gidan Chaudhri yanzu. Insifekta ya ce in suka je yau, kafin magariba shi za a mayar wani ƙauye a bakin hamada, tsohon kuma ya ci gaba da zama a sel. Sai ya tambayi ƙarfe nawa aka sa taron, kuma ina dandamali yake kallo. Sajan ya ce ƙarfe huɗu, yana kallon yamma.

Alhamis fili ya cika. An kawo mutane a bas-bas daga ƙauyuka, kowa da gurasa mai nama a leda da shuɗiyar tuta a hannu. Fuskokin da muka sani ne a tarukan Igwa, har mai waƙen ma shi ne. A kan dandamali, can gefe, akwai wani mutum mai fararen kaya da gajeren aski irin na bariki da baƙin tabarau, wanda ba a ambaci sunansa a lasifika ba, amma duk mai magana sai ya waiwaye shi kafin ya fara.

Insifekta ya ajiye motarsa a bayan dandamali. Fazal Din na zaune a ciki, babu ankwa.

Wajen biyar saura aka kira Chaudhri Dilawar. Ya ce shekara ashirin yana cikin duhu, yau ya ga haske. Ya ce 'yan Igwa sun ci amanar ƙasa, shi bai taɓa yarda da su a zuciyarsa ba. Sannan ya ce kowa ya ɗaga tuta.

Suka ɗaga. Rana ta riga ta sauko bayan taron. Igwa dubu huɗu, ban da ɗaya, suka fito a bayan zangarniya suna kallon dandamali.

Na ƙasa ba su gani ba da farko, sai da na gaba suka juya. Dariya ta fara daga wajen masu ɗaukar hoto. Mai fararen kaya ya cire tabaransa ya duba, ya mayar, ya tashi ya sauka ta matakalar baya. Da ya zo wucewa ta gaban Insifekta bai tsaya ba, bai kuma ce a ƙyale Chaudhri ba. A aikin Rab Nawaz wannan ya isa umarni.

Insifekta ya tari Chaudhri a gindin matakala, ya nuna masa ƙyallen keji da tikitin bas da bayanin Meraj.

"Chaudhri Sahib, satar kayan jam'iyya, da ƙarar ƙarya, da ƙulla wa mutum sharri. Kana da abin cewa?"

Chaudhri ya leƙa inda farar motar baƙon take. Ƙura kawai ta rage.

"Talatar makon jiya suka bugo daga sama," in ji shi. "Suka ce tuta dubu huɗu nan da kwana tara, in ina son kujera. Na kira birnin Faisalabad, duk masu buga tuta sun cika, kowa sauya sheƙa yake. Ga ƙyalle na ruɓewa a sito. Kai me za ka yi?"

"Fazal Din fa?"

"Ya dawo ya ga sito wayam, ya ce zai rubuta wa hedikwatar jam'iyya. Hedikwatar da mutum uku ne da fanka ɗaya. Amma da wasiƙar ta fita kafin yau, da an ji." Ya gyara rawaninsa. "Na san ba zai ambaci sunana ba."

"Bai ambata ba."

Sajan ya sa wa Chaudhri ankwa a hannu ɗaya, don mutunci. Insifekta ya leƙa cikin mota ya ce wa tsohon ya sauko, an sallame shi, Shamim na jiransa a bakin fili.

Fazal Din ya sauko. Duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗa. Ya tsaya yana kallon tutocin da mutane suka fara zubarwa a ƙasa suna neman bas ɗinsu. Da aka iso da Chaudhri, sai ya riga Sajan kai hannu, ya buɗe ƙofar baya da yatsunsa biyu, kamar yadda ya saba shekara ashirin, ya jira ya shiga, ya rufe a hankali.

Sarawar ce kawai bai yi ba.