Ƙanƙara a Baki

Wata yarinya 'yar aji huɗu ta daɗe tana jinyar cutar dajin jini. Ranar da za a sallame ta, Likita ta riƙe hannunta.

"'Yata, maganin nan ya rage sojojin da ke tsare jininki. Ko ɗan zazzaɓi kika ji, ki faɗa nan take."

"To, Likita."

Kullum da safe Mama takan sa mata ma'aunin zafi a baki. Ana nan sai ranar wasan kwaikwayon ajinsu ta zo. Ita ce za ta fito a likita. Amma ta tashi jikinta zau, kanta yana sara.

Ta lallaɓa ta buɗe firij, ta tsotsi ƙanƙara.

Mama ta duba ma'auni. "Lafiya lau. To me ya sa idonki ya yi ja?" Ta kai hannu goshinta, yarinyar ta goce.

"Ɗoki ne, Mama. Zan makara."

A makaranta ta sa farar riga. Kafin a kira ta, haƙoranta suka fara kaɗawa. Ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta. Malama ce ta tare ta kafin ta kai ƙasa.

A asibiti nas ta ɗebi jininta. Likita ta shigo da sauri, babu murmushi.

"Yaushe zazzaɓin ya fara?"

"Na auna da safe, babu komai," in ji Mama.

Likita ta dubi yarinyar.

"'Yata, gaskiya nake bukata. Dole in san nisan da cutar ta yi."

Hawaye suka zubo. "Tun da na farka ne. Ƙanƙara na sha."

Mama ta dafe ƙirji. Likita ba ta tsaya faɗa ba. Ta sa aka ɗaura wa yarinyar ruwa da magani mai ƙarfi. Mama ta zauna tana kallon ɗigon ruwan, tana addu'a.

Sai can da yamma gumi ya karyo wa yarinyar.

"Kin ruɗi ma'auni, amma ba ki ruɗi cutar ba," in ji Likita. "Da kin ƙara jinkiri, da labarin ya bambanta."

"Ku yafe mini."

Washegari Malama ta zo dubiya. Ta ce ajin ya ƙi yin wasa sai likitarsu ta dawo.

Likita ta yi dariya, ta rataya wa yarinyar abin sauraron ƙirji a wuya. "To, abokiyar aiki, me za ki gaya wa marasa lafiyarki?"

"Kada su ɓoye ciwo. Wanda ya ɓoye ciwonsa, maganinsa ya ɓoye."