Notin Da Ba Gurbinsa Ba

Auta ta dire kwamfutarta a kan teburin mai gyara, har ƙananan notuna suka yi tsalle daga cikin faranti.

"Ga gyaranka nan!"

Mai gyara ya ɗago daga wayar da yake gyarawa.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe…"

"Riƙe gaisuwarka! Gilashi kawai na ce ka canza. Yanzu ko ƙyaftawa ba ta yi. Kundin bincikena na shekara guda yana ciki, kuma ƙarfe sha biyu za a rufe karɓa!"

Hawaye suka taru a idonta, amma ta ƙi yarda su sauko. Shekara biyu tana shan gori a gida saboda son da take masa. Wai mai digiri za ta ƙare a shagon da bai fi faɗin tabarma ba. Yayanta kullum tallar abokinsa yake mata, mai babban kantin kwamfutoci. Duk ta shanye, kanta a sama.

Ya jona caja. Shiru. Ya canza wata cajar. Ko ɗigon haske babu.

"Jiya a gabanki ta tashi."

"Jiya ake tambaya?"

Ya kifa kwamfutar, ya kai sukudireba. Sai hannunsa ya tsaya.

"Wa ya buɗe ta bayana?"

"Wace irin tambaya ce…"

"Ni ba na cinye kan noti. Dubi wannan. Da wuƙa aka murɗa shi. Wa ya buɗe ta, Auta?"

Bai taɓa kiran ta haka kai tsaye ba. Ta kau da kai.

"Ni ce."

"Ke?"

"Abokin Yaya ne ya zo gida. Ya ce masu ƙananan shaguna cire kayan ainihi kuke yi, ku sa na bogi. Yaya na ta dariya, har da tafi. Na ce sai na buɗe na kunyata su!"

"Kin kunyata su?"

"Komai yana nan…"

"Amma sai da kika duba."

"Kare ka na yi!"

"Cajin aljihuna kika yi, masoyiya. A gaban mutanen da ba sa amsa sallamata."

Maganar ta soke ta. Sai haushinta ya ƙaru.

"To ka yi fushinka bayan sha biyu!"

Ya kwance bayan kwamfutar, yana jera notunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago wani da ɗan tsinken ƙarfe.

"Kin ga wannan dogon? Na gefe ne. Kika cusa shi a tsakiya, ya danne injin. Da kin ƙara murɗa ɗaya, da yanzu ta'aziyya muke."

Ta leƙa cikin kwamfutar.

"Kundina…"

"Yi mini shiru."

Ya zare wayar batir. Ya danna maɓallin kunnawa, ya riƙe, leɓɓansa na ƙirga. Ita kuwa ji take kamar numfashinta ya danne. Ya mayar da batirin, ya sake dannawa.

Shiru.

Sai fanka ta ja numfashi. Gilashin ya kawo haske.

A nan hawayen suka ci amanarta.

"Ka yi haƙuri," ta ce, kamar ana zare mata haƙori.

"Ban ji ba."

"Ka ji mana!"

Ya miƙa mata sukudireba, fuskarsa babu walwala.

"Wanda ya buɗe shi zai rufe. Gajeru a tsakiya."

Tana kan noti na uku wayarta ta yi ƙara. Ta saka ta a amsa-kuwwa.

"Auta, gawar ta tashi?" Yaya ne, yana dariya. "Abokina ya ce ki zo ki zaɓi sabuwa, kyauta."

"Ya riƙe kayansa. Ta tashi. Kuma ka gaya wa Baba, gobe mai gyara zai zo su yi magana. Ta ƙofar gaba!"

Ta kashe.

Mai gyara ya harɗe hannu.

"Ko tambayata ba ki yi ba."

"Ba za ka zo ba ne?"

Ya dube ta. Fushin ya so ya tsaya, murmushi ya fi ƙarfinsa.

"Ƙarfe nawa Baba yake karɓar baƙi?"