Dutsen da Maikasuwa Ya Matsar

A zamanin En'e, a wani gari da ke gindin duwatsu a ƙasar Roni, akwai wata 'yar makarantar elementare. A aji na sama akwai wani yaro da ake kira Maikasuwa. Ɗan Malam Sama'ilu ne, mai rubuta wa dagacin garin wasiƙu.

Maikasuwa yana da ƙoƙari, wannan ba mai musu. Ga tsafta, ga rubutu mai kyau. Shi ya sa malamin ajinsu, Malam Hussaini, ya naɗa shi monita. Amma fa yana da wani mugun hali guda. Ba ya son ganin kowa a gabansa. In wani ya fi shi ko da maki ɗaya ne, ranar sai ya wuni yana kumbure-kumbure.

Agogo ɗaya tak makarantar ke da shi. Ana nan sai ya fara tsayawa, aka ce sai an kai shi Kano gyara. Kafin a tafi da shi, Malam Hussaini ya yi wata dabara. Ya kafa doguwar sanda a tsakiyar fili. Da sassafe inuwar sandar takan miƙe can yamma. Rana na ɗagowa, inuwar na janyewa. Da ƙarfe takwas ta cika, sai Malam ya ajiye wani farin dutse daidai bakin inuwar.

Ya kira Maikasuwa ya ce, "Kullum in inuwa ta janye ta iso dutsen nan, ka buga ƙarfe. Wanda ya zo bayan nan ya makara, ka rubuta sunansa. Amana ce na ba ka."

Maikasuwa ya rusuna ya ce ya ji.

Dokar makarantar kuwa sananniya ce. Duk wanda ya makara sau uku a mako ɗaya, bulala shida ne a gaban kowa.

Benci ɗaya Maikasuwa yake zama da wani yaro, Lauwali. Shi Lauwali daga ruga yake zuwa, can bayan dutse. Ba ya fitowa sai an gama tatsa, ya ɗaure maruƙa. Daga nan sai gudu. Kullum yana isowa yana haki, ana buga ƙarfe. Bai taɓa makara ba, amma da ƙyar yake sha.

Suna shiri sosai. Lauwali yakan kawo masa kindirmo a 'yar ƙwarya. Wata rana ma har ya gaya masa wani sirri. Ya ce mahaifinsa, wanda kowa ke kira Kawu, ba da son ransa ya ba da shi boko ba. Dagaci ne ya matsa. Kawu ya rantse, ranar da aka taɓa lafiyar ɗansa a makaranta, ranar zai kwashe shanunsa ya bar ƙasar baki ɗaya. Lauwali ya ce shi ya sa yake wannan gudun, don yana son karatun.

Abin da ya ɓata tsakaninsu lissafi ne. Lauwali ba ya ko ƙirga yatsu. Kafin Malam ya gama rubuta tambaya a allo, ya riga ya san amsa. Ran nan aka yi gwaji. Lauwali ya ci ashirin cif, Maikasuwa ya ci sha bakwai. Malam Hussaini ya yi ta yabon Lauwali. Har ya ce in ya ɗore a haka, shi za a tura Midil a Kano.

Da aka tashi, wani yaro ya tsokani Maikasuwa, ya ce ashe mai kiwon maruƙa ya fi monita. Yara suka kwashe da dariya. Zuciyar Maikasuwa ta yi baƙi ƙirin.

Ranar Litinin ya riga kowa zuwa. Ya tsaya a fili ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa. Sai ya ɗauki farin dutsen nan ya matsar da shi taki ɗaya nesa da sandar. Ya shafe gurbin da ƙafa. Taki ɗaya kawai! Amma yanzu inuwa za ta iso dutse tun takwas ba ta yi ba.

Ya tuna da rantsuwar Kawu? Ya tuna mana. Sai ya ce wa kansa ai faɗa ce kawai irin ta manya. Shi dai so yake a rage wa Lauwali farin jini a wurin Malam.

'Yan cikin gari ba abin da ya shafe su, gidajensu kusa ne. Lauwali kaɗai ya iso ya tarar an shiga aji. Maikasuwa ya rubuta sunansa. Talata ma haka. Ran Laraba Lauwali ya taho da gudun da bai taɓa yi ba, har ya yi tuntuɓe ya fasa yatsa. Yana gangarowa daga dutse ya ji ƙarfe yana tashi.

Aka tara yara a fili. Lauwali ya durƙusa ya ce, "Malam, wallahi ban canja lokacin fitowata ba. Ban san abin da ya faru ba."

Malam Hussaini ya juya ya tambayi monita ko ya tabbata a kan lokaci yake bugawa. Maikasuwa ya ce shi dai sai inuwa ta taɓa dutse yake bugawa. Malam ya yarda da shi. Ai shi ya ba amana, wa kuma zai tambaya?

Aka yi wa Lauwali bulala shida. Bai yi kuka ba, ko motsi bai yi ba. Da aka gama ya koma benci ya zauna a gefen Maikasuwa, yana ta kallon ƙasa.

Washegari bai zo ba. Jibi ma bai zo ba. Mako ya zagayo, wurinsa yana nan wayam.

Aka sake gwajin lissafi, Maikasuwa ya zo na ɗaya. Abin da yake nema ke nan, ga shi ya samu. Amma ko kaɗan bai ji daɗi ba. Malam ya miƙa masa littafinsa, idonsa yana kan wurin Lauwali.

Kwana tara da yin bulala, motar kasuwa ta kawo agogo daga Kano. Aka rataye shi a bango. Da safe Maikasuwa ya so ya mayar da dutsen, sai ya tarar Malam ya riga shi zuwa. Ba yadda zai yi. Inuwa ta iso dutse, ya buga ƙarfe.

Malam Hussaini ya dubi agogo. Takwas saura kwata. Ya fito ya tsaya a kan dutsen ya daɗe. Sannan ya shiga aji ya tambaya ko wani ya taɓa shi. Aji ya yi tsit. Maikasuwa ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce wataƙila awaki ne suka ture shi. Sai ya zauna a kujerarsa ya dafe kai. A hankali ya ce, "Na doki yaro a kan laifin da bai yi ba. Ya gaya mini gaskiya, na ƙi ji. Allah Ya yafe mini."

To, ga shi Maikasuwa ya tsira. Ba wanda ya gan shi, an ɗora wa awaki. Amma maganar Malam ta tsaya masa a ƙirji. Shi ya yi ɓarna, ga wani yana neman gafara a kanta.

Da la'asar ya ji mahaifinsa yana gaya wa mahaifiyarsa labari. Wai Kawu ya zo ya yi wa dagaci sallama. Gobe da hantsi za su tashi, su nufi wajen Babura, wataƙila ma su tsallaka iyaka. Malam Hussaini ya je ya ba shi haƙuri, ya ƙi saurara. Kawu ya ce shi bai yarda da zancen awaki ba, raina masa hankali ake yi.

An kawo tuwo, Maikasuwa ya kasa kai loma ɗaya. Sai ya tashi ya je ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, ba awaki ba ne. Ni ne."

Ya faɗi komai, har da sirrin da Lauwali ya gaya masa. Malam Sama'ilu bai ɗaga murya ba. Da ma ya doke shi, da ya fi masa sauƙi. Kallonsa kawai ya yi, ya ce, "Ka san uban zai ɗauke shi, kuma ka yi? Yaron da ke kawo maka nono?"

Maikasuwa ya fashe da kuka. Mahaifinsa ya ce kukan ba zai amfani kowa ba, ya tashi ya sa takalmi.

Suka fara biyawa gidan Malam Hussaini. Maikasuwa ya maimaita abin da ya yi. Malam ya kasa dubansa. Daga nan su uku suka kama hanyar ruga.

Kai, ashe hanyar nan da nisa! Hawa ne da gangara, ga tsakuwa, ga ƙaya. Kafin su kai, ƙafafun Maikasuwa sun yi nauyi. Wannan ce hanyar da Lauwali ke bi da gudu kullum safiya.

Sun tarar mata suna kwance bukkoki, ana ɗaure ƙore. Kawu yana tsaye riƙe da sandarsa. Lauwali yana can gefe wajen maruƙa. Aka gaisa sama-sama. Malam Sama'ilu ya ce ɗansa ne ke da magana, da bakinsa zai faɗa.

Maikasuwa ya durƙusa. Karo na uku ke nan yana faɗa, kuma wannan ya fi ciwo, don Lauwali yana ji. Da ya gama ya ce, "Baffa, ni ya kamata a kora, ba shi ba. Don Allah kada ku tafi da shi."

Kawu ya dube shi. Bai ambaci sunan ɗansa ba, don ɗan fari ne. Ya ce, "Yaron nan kwana uku yana kwana rub da ciki. Na tambaye shi wa yake zargi, ya ce ba kowa. Ya ce monita abokinsa ne, ba zai cuce shi ba."

Maikasuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Manya suka yi ta ba da haƙuri. Malam Hussaini ya ce laifinsa ne shi ma, da ya yi hukunci bai bincika ba. Ya ce yaron yana da kai, asara ce a raba shi da karatu. Can Kawu ya waiwaya ya tambayi ɗansa ko yana son komawa. Lauwali ya gyaɗa kai.

Kawu ya ce to, ya fasa tashi, amma da sharaɗi. Wanda ya sa ɗansa ya makara, shi zai riƙa zuwa ruga kullum bayan sallar asuba. Ya taya shi ɗaure maruƙa, su tafi makaranta tare. In an makara, a makara tare. Malam Sama'ilu ya ce ya amince, tun ɗansa bai buɗe baki ba.

Washegari Maikasuwa ya tsaya a gaban aji ya faɗi abin da ya yi. Malam ya karɓe littafin sunaye daga hannunsa, ya miƙa wa wata yarinya mai natsuwa, Tasalla. Ba a doke shi ba. Amma yara suka daina wasa da shi, in ya zo wuri sai a watse. Abin ya yi masa ɗaci ƙwarai, kuma ya san shi ya jawo wa kansa.

Haka ya fara zuwa ruga. Maruƙa suka yi ta wahalar da shi. Wannan ya fizge, wancan ya taka masa ƙafa. Lauwali ba ya ce masa komai. Su yi aiki shiru, su yi gudu shiru, su zauna a benci ɗaya shiru. Har mako biyu ana haka.

Wata safiya wani ɗan maraƙi ya ja Maikasuwa ya kayar da shi. Lauwali ya zo ya karɓi igiyar, ya nuna masa yadda ake naɗa ta a hannu. Sannan ya dube shi ido cikin ido.

"Duk a kan lissafi ne?"

Maikasuwa ya ce e.

"Da ka ce in koya maka, ai da na koya maka."

Sai hawaye suka zubo wa Maikasuwa. Lauwali ya ce ya share fuska su tafi, rana ta ɗago. A hanya ya jefa masa tambayar lissafi. Maikasuwa ya ba da amsa ba daidai ba. Lauwali ya yi dariya, ya sake jefa masa wata. Suka iso makaranta suna haki, Tasalla ba ta buga ƙarfe ba tukuna.

Maikasuwa bai sake zama monita ba har ya gama makarantar. Amma ya sami abokinsa, kuma ya koyi abin da bai taɓa mantawa ba.

Yara, in an ba ku shugabanci a aji, amana ce aka ba ku. Ba a ba ku don ku danne wanda ya fi ku ba. Kuna iya cutar da wani da abu ƙanƙani, ba wanda ya gani, amma cutar ta yi masa girma. In kun yi kuskure, ku faɗa da bakinku tun akwai sauran gyara. In kuma wani ya fi ku iya abu, ku ce ya koya muku.