Sunan da Inna Ba Ta Kira

"Junaid, Inna hwa ba ta da lahiya! Yaya za ni bar Sakkwato?"

"Haba masoyiyata, zazzaɓi na kawai. Tun kahin aurenmu nike maki alkawarin tsohhin biranen Maroko..."

Sadiyatu ta tura baki, amma zuciyarta ta riga ta hau jirgi. Son mijin nan nata kuwa, sai dai addu'a!

Da ta je Tudun Wada yin sallama, ta tarar da mahaifiyarta kwance, fuska ga bango.

"Inna, in hwasa tahiyar?"

"Ke wagga, bi mijinki. Allah shi kiyaye."

Ke wagga! Ita ce 'yar fari, kuma Inna mace ce mai alkunya, tunda ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba. Ƙannenta kowa da sunansa, ita ko sai "ke". Abin yana cin ranta tun tana ƙarama, ba ta dai taɓa gaya wa kowa ba.

Maroko ta yi daɗi, ba ƙarya. Ranar Talata bayan la'asar aka kai su wani kangon birni na jan laka a gefen dutse, lunguna a murɗe, ɗakuna babu rufi. Junaid ya yi gaba da masu ɗaukar hoto, ita ta tsaya gyara takalmi. Wajen ya yi tsit, ko tsuntsu babu.

"Sadiyatu..."

Tsigar jikinta ta tashi. Muryar Inna ce, har da 'yar shaƙewar nan tata, daga cikin wani ɗaki mai duhu.

"Sadiyatu, ɗiyata..."

Bakinta ya buɗe zai amsa, ta danne shi da hannu. Ina! Inna ba ta kiran wannan suna. Ko mene ne a ɗakin nan, ya ari muryar ne bai san gidansu ba. Ta hau karanto Ayatul Kursiyyu, ta ruga ta ƙanƙame mijinta.

"Mi ya hwaru, rabin raina?"

"Mu bar wurin ga, don Allah!"

Kiran ya biyo su har ƙofar birnin, yana raguwa, sannan ya ɗauke. Junaid bai ji komai ba.

Ba su kai masauki ba wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya kalle ta, idonsa ya ciko. Nan take ta gane.

Sun iso Sakkwato an riga an kai Inna makwancinta. Gwaggo Kulu, ƙanwar Inna, ta ja ta gefe daga cikin masu zaman makoki.

"Da za ta cika, ke taka kira. Da sunanki, wallahi! Mu duka munka yi mamaki. Tana kira tana kasa kunne, kamar mai jiran amsa."

"Talata... bayan la'asar?"

Gwaggo ta zaro ido. "Wa ya gaya maki?"

Sadiyatu ta miƙe. Junaid ya kamo hannunta yana hawaye, "Ki yahe mani, ni na ja ki." Ta zame a hankali, ta ɗaga labulen ɗakin Inna. An naɗe katifa, ƙamshin turarenta na nan.

Ta durƙusa a tsakar ɗakin, kuka ya ƙwace mata.

"Na'am, Inna! Na'am... ga ni!"